Ƙosan Maman Olive Ranar Zaɓe

Kowace safiya, kafin ta ɗora ruwan shayi, kafin ma ta gaida mijinta, Dorkas Katung takan ɗaga tagar kicin ta miƙa hannu waje. Takan bar shi can na ɗan lokaci, ido a rufe. Rediyo yana ta faɗin yanayin gari, ita ba ta bi ta kansa ba. Abin da bayan hannunta ya gaya mata, shi ke yanke yawan rigunan da Olive za ta sa a ranar.

Olive ita kaɗai ce 'yarta, kuma da ciwon sikila aka haife ta. Idan sanyi ya shiga ƙashin yarinyar, sai asibiti, sai kwanaki ana ƙarin ruwa tana kukan gaɓoɓi. Dorkas nas ce, ta ga irin wannan a jikin 'ya'yan wasu tun tana koyon aiki a gida Nijeriya, don haka ba ta wasa da shi. Mutuniyar Kagoro ce. Ta biyo mijinta Martins zuwa jihar Maryland ta Amurka da ya zo karatu, daga baya ya sami aiki a wurin binciken noma na Beltsville. Da suka tashi neman gida, Martins yana duba rufi da gareji, ita kuwa ta tsaya a ƙofa tana hangen abu ɗaya: makarantar firamare ce a ƙarshen layin, mai jan bulo. Yaro zai fita daga ɗumin gida ya shiga ɗumin aji kafin jikinsa ya huce. Ta ce wannan gidan za a ɗauka.

A shekarar 1982, Olive tana aji ɗaya, labari ya fito cewa yara sun ragu a gundumar, hukumar makarantu za ta rufe wasu firamare. Tasu tana ciki. Za a riƙa kwashe yaran unguwar a bas zuwa wata makaranta mai nisa. Dorkas ta san abin da hakan ke nufi: tsayuwa a bakin titi da sanyin safiyar Janairu, ana jiran motar da wataƙila ta makara.

Ta je taron hukumar da kayan aikinta a jiki. Aka ba ta ɗan lokaci, ta yi bayanin sikila dalla-dalla, yadda take yi wa dangin majiyyata. Aka ce an gode, aka kira na gaba. A bakin ƙofa wata dattijuwa baƙar fata, mai furfura da tabarau, ta riƙo hannunta. Misis Alexander ce, tsohuwar malamar firamare, tana takarar kujerar yankinsu a hukumar, kuma ba ta goyon bayan rufewar.

"Kin yi magana mai kyau," in ji ta. "Amma mutanen nan kunnensu yana cikin rumfar zaɓe. Kin yi rajista?"

Washegari Dorkas ta je ofishin rajista. Matar da ke wurin ta yi mata tambaya ɗaya. 'Yar ƙasa ce? Dorkas ta fito da katinta na izinin zama. Matar ta girgiza kai cikin ladabi. Dorkas ta ce ai zaɓen makaranta ne, kuma 'yarta tana makarantar. Matar ta ce ta sani, amma doka ba ta tambayi wa ke da ɗa ba.

Gidan Katung yana da Ba'amurkiya guda ɗaya tak, Olive da aka haifa a nan, shekararta shida, haƙoranta na gaba sun zube.

Martins ya ce ai sun cika sharaɗi, su nemi zama 'yan ƙasa, ko da wannan zaɓen zai wuce su. Dorkas ta tambayi yadda ake yi. Ya ce akwai jarrabawa, sannan a ɗaga hannu a yi rantsuwar an rabu da biyayya ga tsohuwar ƙasa.

"Baban Olive, uwata tana Kagoro da ranta. Ba zan ɗaga hannu gaban Allah in ce na rabu da inda take ba."

"Magana ce kawai ta baki."

"Shi ya sa. Bakin nawa ne."

Bai sake tayar da zancen ba.

Ranar wata Lahadi bayan coci, maƙwabtansu Injiniya Sabo da matarsa Hasiya, mutanen Kano, suka shigo cin gwate kamar yadda suka saba. Su sun daɗe da zama 'yan ƙasa. Dorkas ta bari sai da Sabo ya ƙara na biyu, sannan ta tambaye shi wa ya zaɓa a hukumar makarantu wancan karon.

"Wace hukuma?"

"Injiniya!"

"Wallahi Maman Olive, ni in na shiga na ja labule, na danna na shugaban ƙasa ko na gwamna, sai in fito. Aiki na jirana."

Hasiya ta ce, "Na makarantu a can ƙasa suke, layin ƙarshe. Ba jam'iyya, ba alama, sunaye ne kawai. Wa ya san su? Shi kuwa da tumbin nan ko sunkuyawa ba zai iya ba."

"Ke kin taɓa dannawa?"

"Ni na ce na taɓa?"

Aka yi dariya, ban da Dorkas. Ta sa Sabo ya kwatanta mata na'urar kaɗa ƙuri'ar da cokula a kan tebur: ga na gwamna a sama, ga 'yan majalisa, ga na makarantu can kusa da gwiwa. Ta daɗe tana kallon cokalin ƙarshen.

"Wato ku kuna da abin, kuna barinsa. Ni ina nema, an hana ni."

Sabo ya ce, "To Hajiyar siyasa, sai ki tsaya takara."

"Zan tsaya," in ji ta. "A bakin ƙofa."

Abin da ta sani na zaɓe, na gida ne. Ta ga yadda mata suke girki ranar taro, a ciyar da jama'a da sunan ɗan takara, kowa ya tafi da sunan a bakinsa. Ba ta ga aibu a ciki ba. A wurinta mutum ba ya roƙon alfarma hannu wofi. Ranar Litinin, jajiberin zaɓe, ta jiƙa wake cike da babban baho, ta murje, ta wanke ɓawon, ta niƙa da albasa da attaruhu har blenda ta yi zafi. Ranar Talata da safe ta miƙa hannu ta taga, ta ce Olive ba za ta wuni a waje ba, ta kai ta gidan Hasiya. Ta soya ƙosai ta cika kula biyu.

A makarantar Olive ɗin ake kaɗa ƙuri'ar, don ranar ba karatu. Dorkas ta kafa teburinta daf da ƙofar shiga, ta shimfiɗa atamfa, ta jingina hoton Misis Alexander a jikin kular. Duk wanda ya zo wucewa sai ta miƙa masa ƙosai a takarda.

"Ci da zafinsa, ka zaɓi Alexander."

Ba a jima ba wani dogon mutum mai raba takardun ɗaya ɗan takarar ya tsallako daga nesa yana ɗaga murya. Ya ce ana sayen ƙuri'a da abinci a ƙofar rumfa, zai kira 'yan sanda. Jami'in zaɓe ya fito, wani dattijon Bature mai rigar sanyi ruwan toka. Ya dubi hoton, ya dubi kular.

"Baiwar Allah, kin karya doka biyu a tebur ɗaya," in ji shi, ba da faɗa ba. Ya nuna mata wata alama da aka kafa can wajen bakin titi. Daga alamar zuwa ƙofa, ba a tallar ɗan takara. Ba wa mutum abu kuma don ya zaɓi wani, wannan laifi ne ko a ina aka yi shi.

Martins, wanda ya taya ta ɗauko tebur, ya matso kusa da kunnenta ya yi magana da Hausa.

"Maman Olive, tattara mu tafi. In 'yan sanda suka rubuta sunanki, katin zamanmu ne a kan layi. Ina za mu kai yarinyar?"

Wannan maganar ta shige ta. Ta dafa murfin kula. Mutanen da ke layi sun juyo suna kallo. Ta ɗauki hoton ta ninke shi ta sa a jaka, Martins ya saki ajiyar zuciya, ya kama ƙafar tebur zai naɗe.

"Bar shi," ta ce.

Ta juya wurin jami'in. "Ranka ya daɗe, ban sani ba, yanzu na sani. Ina da tambaya. In na koma bayan alamar can, na ba kowa abincina, wanda zai zaɓi nawa da wanda zai zaɓi nasa, ban ambaci sunan kowa ba?"

"Abincinki ne."

"In na ce musu su duba layin ƙasa?"

Dattijon ya sosa haɓa. "Tuna wa mutum ya gama zaɓensa ba talla ba ce. Bayan alamar can, ba ruwana."

Ba ta jira Martins ba. Ta ɗora kula ɗaya a ka, yadda ba ta yi ba tun barinta Kagoro, ta rungumi ɗayar, ta taka a hankali ta tsakiyar filin makarantar, kowa yana kallonta, har ta wuce alamar da taki ɗaya. Nan ta ce a ajiye teburin. Ya zamana daidai gefen dogon mutumin nan.

Shi ta fara miƙa wa.

Ya ce ba ya ci. Ta ce tun safe yake tsaye, ta gan shi, kuma ita nas ce, ta san fuskar mai jin yunwa. Ya karɓa don kunya, ya dangwala yaji fiye da kima, ya yi ta tari har hawaye. Ta zuba masa shayi daga fulas.

"Kai ma in ka shiga, ka duba layin ƙasa."

"Ai ba naki zan zaɓa ba."

"Ban tambaye ka ba."

Haka ta wuni. Ma'aikatan da suka biyo kafin su kama hanyar Washington, tsofaffi masu sanda, iyaye mata da jarirai a keke, kowa ƙosai biyu da magana ɗaya: layin ƙasa, na makarantu, a sunkuya a duba. Wasu suka tambaye ta wa take so. Sai ta nuna bakinta ta girgiza kai, ta nuna musu ginin jan bulon, ta ce 'yarta tana aji ɗaya a nan. Da Sabo ya fito daga rumfar yana dafe da ƙugu, ya ce, "Maman Olive, na sunkuya, bayana ya amsa. Ki ƙara min uku." Martins bai tafi aiki ba ranar. Shi ya riƙa komawa gida yana juya ƙosai a mai, har ya ƙone yatsa.

Misis Alexander ta ci kujerar. Ko ƙosan ne, ko ba shi ba ne, ba wanda zai iya rantsewa, ita ma Dorkas ba ta taɓa cewa shi ne ba. An dai lura cewa a rumfar unguwarsu, waɗanda suka taɓa layin ƙasa sun fi na kowace shekara. Hukumar ba ta soke rufewar ba, ɗage ta aka yi. Bayan shekara biyu maganar ta dawo, aka sake ɗagewa. Duk zaɓen da ya zo, teburin atamfa yana nan taki ɗaya bayan alama, har jami'in nan mai rigar toka ya saba aiko a sayo masa, ita kuma ta saba mayar masa da amsa cewa ba na sayarwa ba ne.

Olive ta gama firamare a bazarar 1988. Da ƙafarta ta yi ta zuwa, tun daga aji ɗaya har na ƙarshe. Ta kwanta asibiti a tsakani, ba sau ɗaya ba, amma ba ta taɓa tsayawa jiran bas a cikin sanyi ba.

Da kaka ta yi, zancen rufe makarantar ya sake tasowa, ga kuma zaɓe a watan Nuwamba. A lokacin hawan jini ya fara damun Dorkas, likita ya ce ta rage tsayuwa. Martins ya ga ta shigo da buhun wake, ya ce, "Olive ta gama. Wa kuma kike yi wa?"

"Autar Hasiya tana aji biyu."

"Ita lafiyarta ƙalau."

"To sai su rufe don tawa ta fita? Su ce dama matar nan don kanta take yi?" Ta ajiye buhun. "Sun ce ba ni da ƙuri'a. Ban ji sun ce ba ni da kasko ba."

Ranar Litinin, jajiberin zaɓe, ta dawo daga aikin safe ta jiƙa waken. Da la'asar Hasiya ta shigo kawo mata attaruhu, ta same ta zaune a ƙasan kicin, ta jingina da kabad, gefen bakinta ya karkace. An kai ta asibitin da take aiki. Ba ta dawo gidan ba, a can ta rasu.

Sai bayan kwana biyu wani ya tuna da kicin. Tagar tana ɗage kaɗan, yadda ta bar ta. Teburin yana jingine a bakin ƙofa, atamfar a ninke a kansa. A cikin bahon, rabin waken ta murje shi ya yi fari tas, ɓawon yana yawo a saman ruwa. Sauran rabin yana nan da baƙin idonsa, hannu bai kai gare shi ba.