Malam Kwali da Jirgin Kalmomi

Har yau in aka ambaci Malam Kwali, abin da ake fara tunawa shi ne ranar da ya tuƙa jirgin ƙasa ya shiga taron iyayen yara.

Malam harshe yake koyarwa a ƙaramar sakandare, kuma tun yana saurayi ya yanke cewa kalma ba ta zama a kan yaro sai ta bi ta ƙafarsa. In zai koyar da ɗafa-goshi, wato ɗan guntun nan da ake liƙa wa kalma a gaba ta haifi wata, ba ya wahalar da alli. Kwali yake rabawa. Wannan yaro ya rataya "ƙauye" a wuya, wancan ya kifa kwalin "ba" a ka ya zama kan jirgi, saura su kama rigar juna, a zaga aji ana "kuuu, cuku-cuku". In an tsaya a tasha sai kowa ya karanta: baƙauye.

Kwalayen kuwa roƙo yake a shaguna, yana tarawa a ƙarƙashin gado. Matarsa takan ce, "Maigida, wai ni malami na aura ko ɓera?" Shi kuma ya ce ɓera ci yake, shi ajiya yake.

Ran da abin ya faru, shi da kansa ya kifa sabon kwalin sabulu mai ɗauke da "ma", yaron da ke bayansa kuma ya rataya "sauki". Bai huda masa ido ba, don uwargida ta ɓoye almakashinta. Ya ce ba komai, ajin nan ya san shi kamar yunwar cikinsa. Abin da bai sani ba shi ne an bar ƙofa a buɗe. Jirgi ya fice, ya miƙe baranda. Yara suna gani, amma wa zai taka wa jirgi mai daɗi birki? Sai ma suka ƙara usur. Haka suka faɗa ɗakin malamai, inda shugabar makaranta ke yi wa iyayen yara bayani a kan ladabi. Malam ya zaga tebur, ya ture butar shayi, ya ja ya tsaya, ya ɗaga murya daga cikin kwali: "Tasha! Me muka haɗa?"

Wani kaka da ke gaba ya gyara tabarau ya karanta a hankali, "Ma... sauki. To, sannunku da sauka."

Shugaba ba ta yi dariya ba. Da yamma ta kira shi ta ce, "Malam, gobe zan zauna a ajinka. Alli da allo, kamar kowa. In ba za ka iya ba, ga ɗakin ajiyar tsintsiya yana neman mai kula, ajin kuma in ba wani."

Malam ya tafi gida jiki a sanyaye. Tsintsiya ba ta dame shi ba. Ajin ne ba zai iya rabuwa da shi ba.

Washegari ya ɗauki alli kamar wanda aka miƙa wa garwashi. Ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa. Yara suka yi tsuru-tsuru, na baya har ya fara gyangyaɗi. Shugaba ta gaji ta miƙe ta ce, "Ke ta gaba, in aka sa wa 'buɗe' ɗafa-goshi, me za a samu?"

Yarinya ta murza gefen littafi ta ce, "Malama, a zaune ba ta zuwa."

"Me ba ya zuwa?"

"Amsar. Sai mun tashi."

Shugaba ta ce su tashi ta gani. Kafin ta rufe baki an yi layi, kowa ya kama rigar na gabansa. Sai dai babu kan jirgi, don Malam ya rantse ba zai motsa ba, ya manne da allo yana kallon rufi. Yarinyar nan ta miƙa hannu ta kama gefen mayafin shugaba. Baiwar Allah ta yi gaba don ta ƙwace, jirgi ya bi ta. Ta ƙara sauri, jirgi ya ƙara. Suka zaga aji, kalmomi na zuba ta ko'ina: mabuɗi, makulli, maɗinki, bahago. Da ta samu ta dafa tebur tana haki, aji duka ya ce, "Tasha!"

Ta daɗe tana gyara mayafi. Can ta ce, "Ka dawo da kwalayenka. Amma a huda ido, kuma makullin ƙofa yana hannuna."

Uwargida ce kaɗai ta yi asara, don tun da ta ji an hana kwali ta riga ta share ƙarƙashin gado ta jera takalmanta.

Yanzu gashin Malam ya yi fari, wasu daga cikin fasinjojinsa ma malamai ne a makarantar. In an zauna shan shayi sukan janye buta daga gabansa su ce, "Direba, ba mu labarin ranar da ka kai mu taron iyaye mana."

Sai ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ku da kuka gani ku za ku ba ni labari. Ni ban ga komai ba, kaina na cikin kwali."