Iliyasu Mai Haruffa Masu Dunduniya

Shekara arba'in da ɗaya, in an fito sallar asuba a Tasawa, Malam Iliyasu yakan buɗe rumfarsa ta bakin tasha, ya wanke burushi da kananzir, ya jingina allon sanarwa da bango ya fara jan haruffa da fenti. A watan nan ya rufe rumfar. Yanar ido ce ta rufe masa ɗaya, ɗayan ma hazo-hazo yake gani.

Wanda duk ya bi hanyar Mayahi ya ga aikinsa, ko da bai san sunansa ba. Haruffansa kaurara ne, kowane da faffaɗar dunduniya sama da ƙasa. In an ce ya sirance su, sai ya ce, "Rana da ruwa za su ci rabonsu. Ni ina rubuta abin da zai rage ne."

Zara'u ungozoma ta ba ni labarin allon da ya yi wa ɗakin haihuwarsu a wani ƙauye kusa da Maijirgi, aka kafa shi a mararrabar shiga ƙauyen. Bayan shekara ashirin aka cire shi aka kafa na roba, bugun na'ura. Damina biyu ya koɗe fari fat. Wani direba baƙo ya ɗauko mace tana naƙuda, ya wuce mararrabar bai ga komai ba. Kafin su juyo, jaririn ya koma. Washegari Zara'u ta ciro tsohon allon daga ɗakin ajiya ta maida shi da hannunta. Har yau ana karanta shi daga nesa.

A bana Haisam, wani mai tsara tallace-tallace a Maraɗi, ya zo neman shawara. Wani mai gidan abinci ne yake son allo mai kama da na da, na'ura kuma cike take da haruffan da aka tsufar da gangan. Haisam ya miƙa wa Malam waya ya zaɓa a cikinsu. Malam Iliyasu ya kai ta dab da ido, ya daɗe, ya mayar.

"Ba na gani, ɗana. Gaya mini, ina suka cinye?"

"Ko'ina, Baba. Har tsakiya."

"To wanda ya yi su bai taɓa tsayawa a rana ba. Daga gefe fenti ke fara tashi. Nemi wanda cikinsa ke nan, dunduniyarsa da kauri."

Malam, kai ne ka sanya wa makarantunmu da rijiyoyinmu suna, ba ka sa naka a gindin ko ɗaya ba. Yanzu ana kwaikwayon tsufan aikinka a birni, kai kuwa kana zaune a zaure ba mai leƙo ka sai jefi-jefi.

Mun gode. Allah ya ba ka lafiya. Masu sana'a, ku yi aiki kamar yadda ya yi, don wanda zai zo bayan shekara ashirin. Ku da ke Tasawa kuwa, gidansa na bayan tasha. Ku je ku gaishe shi, ku faɗi sunanku, don da murya yake gane mutane yanzu.