Awakin Marayun Yayana

'Ya'yana, kafin wannan abu ni mace ce da ake ba ajiya. Ina ƙuli-ƙulina a Tsamaye, ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba.

Yayana Garba ya rasu bai bar wasiyya ba, bai ce wane zai kula da abin da ya bari ba. Matarsa ta riga shi. Babban ɗansa yana Nijar ba labari, sai ƙaramar ɗiyarsa Hadiza a hannuna. Alƙali a Sabon Birni ya ce ba a raba gado sai yaron ya zo, ya ba ni izinin riƙe awakin mamacin. Ya ce, "Baiwar Allah, tsaro na ba ki, ba kiwo ba." Na ce na ji.

Ashe ban ji ba. A wurinmu in an ba mace kiwo, tana da rabo cikin abin da aka haifa. Da akuya ta haifi biyu, na ce ɗaya tawa ce, ai ni ke wahalar harawa. Na sayar. Ba wanda ya tambaya. Da ɗana ya kwanta ciwo, na sayar da uwar. Daga baya ko ciwo babu sai in sayar.

Yaron ya dawo, alƙali ya tambayi awaki. Na ce 'yan bindiga sun kora su. Kowa na da irin wannan labari a lokacin, nasu kuwa gaskiya ne. Na rantse.

Sai Hadiza ta je biki garin Isa, ta ga jar akuyar babanta ɗaure a wani gida. Mai gidan ya zo kotu ya nuna ni, ya ce ni na sayar masa. Hadiza ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Gwaggo, ba ke kika ce mu yi haƙuri, ƙaddara ce ba?"

Na yi zaman gidan yari. Aka sayar da gonata aka biya marayu. Na fito, na roƙi gafararsu, suka ce sun yafe.

Hadiza ta yi aure kusa da ni. Tana gaishe ni, tana aiko mini tuwo. Amma ran da za ta yi tafiya, ta wuce ƙofata da kajinta, ta kai wa maƙwabciya.

In alƙali ya damƙa muku kayan mamaci, ku tambaye shi mi ya halatta gare ku tun kafin akuya ta haihu. In ba za ku iya ba, ku faɗa a gabansa. Ni na kasa faɗa.