Tsiron Gindin Randa

A gidanmu na unguwar Gwange akwai wuri ɗaya da ba ya bushewa, wato gindin randa. Da damina wani koren abu ya fito a wurin, shimfiɗe a ƙasa, faɗinsa bai fi farcen babban yatsa ba. Na ɗauko tsintsiya, sai 'yata ta riƙe mini hannu. Lokacin tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karatun tsirrai.

"Mama, don Allah ki bar shi."

"Gansakukar?"

"Ba ita ba ce, maƙwabciyarta ce," in ji ta, tana dariya.

Ta tsuguna ta yi mini bayani kamar mai lissafa dangi. Akwai tsirran da ba sa fure, ba sa iri. A cikinsu akwai zuriyar da ake kamantawa da hanta. Zuriyar nan gida-gida ce, kuma 'yan wannan gidan a cikin jikinsu suke ɓoye ƙwayar haihuwarsu, ba sa ɗaga ta sama kamar 'yan uwansu. Ta rubuta mini sunan gidan, Ricciaceae. Na kwafa harafi-harafi yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci, amma har yau bakina bai iya faɗinsa ba. Sunan shi kansa tsiron, ta ce sai ƙwayar ta nuna a ƙarshen damina za ta duba ta a madubin jami'a mai ƙara girman ƙananan abubuwa ta gane. A kansa za ta rubuta aikin kammala karatu.

Da gari ya rikice, babanta ya tura ta Kano wajen ƙanwarsa. Aka yanke layin waya. Kullum da hantsi ina yayyafa wa tsiron ruwa, ina cewa ko don shi za ta dawo.

Sai matar wan mijina ta iso daga ƙauye, ta gudo da zanen jikinta kawai. Ba ta iya zama haka nan a gidan mutane. Wata rana na dawo daga kasuwa, na tarar ta kankare gindin randa tas, ta barbaɗa toka.

"Ƙanwata, wannan ƙazanta har a wajen ruwan sha? Na gyara miki."

Na dubi hannunta duk toka. Na ce, "Sannu da aiki, Yaya."

Da waya ta dawo, 'yata ta kira. Na faɗa mata gaskiya. Ta ce, "Ba komai, Mama. Ai akwai irinsa a nan Kano, a bakin rijiya. Zan nemi a mayar da karatuna nan."

Na ce Allah ya ba da sa'a. Ba ta zo ba a shekarar, ba ta zo ba a ta gaba.