Yayana Kafinta a Gaban Fiyano

Yayana kafinta ne, shekara talatin da biyar yana bugun kusa a shago ɗaya bayan tashar mota. 'Yan layinsu Ba-Wasa suke ce masa, don ko rediyo ba a kunnawa a shagonsa. A wajensa, duk abin da hannu ba ya taɓawa ba sana'a ba ne.

'Yarsa ta fari tana da shekara goma sha huɗu ta fara zuwa koyon waƙa a ɓoye wajen wata malama da ke zaune a saman bene. Ranar da ya ji, da fensirinsa a kunne ya hau benen, ya finciko yarinyar, sannan ya tsaya a bakin ƙofa ya wanke malamar tas, maƙwabta na leƙe.

"Ki nemi sana'a, ki daina lalata 'ya'yan mutane!" in ji shi.

Tun daga ranar ba a ƙara jin muryar yarinyar ba, ko a wajen wanke-wanke. Yanzu a kantin magani take aiki.

Bara ɓarin jikinsa ya shanye. Ƙafa ta dawo, hannu ya dawo rabi, harshe ya ƙi. Zai nemi ruwa sai bakinsa ya ce guduma, ya juya wa bango fuska. Likita ta ce wasu masu irin ciwon nan waƙa kan fito musu ko da magana ta ƙi, a nemo mai koya masa. Muka bincika, duk kusa da mu babu kowa sai malamar nan.

Ni na kai shi. A kowace matakala sai ya tsaya, ni kuwa na san ba ƙafar ba ce. Malama ta buɗe ƙofa, ta tsufa, gilashi rataye a wuyanta. Ta dube shi, ta gane shi sarai.

"Sannu da hawa, Malam. Zauna nan, ka yi hankali, kujerar tana rawa."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya zauna gaban fiyano, abin kiɗan nan mai madannai, kansa a ƙasa, gumi na bin wuyansa. Ta danna sauti ɗaya ta ce ya bi. Ya kasa. Ta sake dannawa. Abin da ya fito kamar kukan ƙofar da ba ta ga mai ba. Dariya ta taso mini, na danne, na ji kunyar kaina.

"Madalla," in ji ta. "Sake."

Wata biyu suna haka, duk Talata. Tana riƙe hannunsa na hagu tana bubbuga shi a tebur, yana rera "ina kwana", yana rera "ba ni ruwa". Wata rana ta ce ya zaɓi abin da yake so ya rera da kansa. Ya daɗe yana kallon takalmansa, sannan a hankali ya ja muryar: "Ki... yi... haƙuri."

Malama ta ɗaga hannu daga fiyano.

"Ni na daɗe da hucewa. Amma ka san ba ni kaɗai ba ce, akwai 'yarka."

Ya ɗauki hularsa, muka sauko. A mota ya yi ta goge ido da hularsa, ni kuma na yi kamar hanya kawai nake kallo.

Yanzu yana magana, a hankali, kamar mai tsallaka ruwa a kan duwatsu. Ya koma shago, yana zaune yana nuna wa masu aiki da sanda. Har yau bai fasa zuwa ranar Talata ba, sai dai ya ce in ajiye mota a layin baya, littafin waƙoƙin kuma a ƙasan jakar kayan aiki yake cusa shi. Rannan mai walda na gefensu ya tare mu.

"Ba-Wasa, ina zuwa haka da sabuwar riga?"

Yaya ya dube ni, ya dubi ƙasa.

"Aiki," ya ce. "Yi sauri, ƙane, kada mu makara."