Injiniya Attahiru da Juma'ar da na kashe na'urorin

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya iske ni. Ina tace gasara maigidana ya leƙo kicin da waya a hannu, ya ce, "Asma'u, Injiniya Attahiru ya rasu." Na ce wane Attahirun, alhali guda ɗaya na sani.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne shugabana a ɗakin kwamfutoci na jami'a nan Sakkwato, inda nake aiki tun bayan bautar ƙasa. Dattijo ne mutumin Ƙofar Rini, dogo, ba ya ɗaga murya. Baba muke ce masa. Duk Litinin sai ya zo mana da fura daga gida, kuma lokacin da babur ɗin maigidana ya lalace, mako biyu yana sauke ni a Sama Road ba tare da na roƙa ba.

Shekarunsa na ƙarshe a kan abu guda ya ƙarar da su. Ana haɗa manyan kwamfutocin jami'o'in ƙasar nan ta intanet su zama kamar na'ura ɗaya, ta yadda mai bincike ko ina yake zai tura lissafin da ya fi ƙarfin kwamfutarsa, a rarraba shi gari gari, a gama cikin kwanaki maimakon watanni. Shi kuma burinsa kada a bar Sakkwato a baya.

Ranar da na fara aiki ya ga ban gane ba, sai ya ce, "Ɗiyata, kin san gayya? To ita ce. Yau gonar wane, kowa shi ɗauko hauyatai. Gobe gonarki."

Sharaɗin shiga ɗaya ne. Kowace cibiya sai ta nuna na'urorinta za su yi wata guda cur suna aiki ba yankewa. Don wannan ya yi ta sintiri ofis ofis har aka sa mana sola da batura.

Ni kuwa kun san ni da littattafan soyayya. Lokacin wata huɗu ke nan da bikina, jakata ba ta rabuwa da littafi. In ya wuce ta gaban teburina yakan ce, "Amarya, sun daidaita ko har yanzu gaba akai?" In ce, "Saura kaɗan, Baba."

Ranar Juma'a ce, cikin damina, saura kwana huɗu watan gwajin ya cika. Maza duk sun tafi masallaci, ni kaɗai a ɗakin. Sai hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin.

Ni 'yar Unguwar Rogo ce. A gidanmu in hadari ya taso, kafin a kwashe shanya ake zare firji da talabijin, tun da tsawa ta taɓa ƙone mana rediyo. Daga baya na ji cewa Baba ya yi bayani a mitin, cewa an kafa ƙarfen kare tsawa a ginin, kada kowa ya taɓa komai ko sama za ta faɗo. Ina wurin mitin ɗin. Littafi ne buɗe a kan cinyata.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya na kashe, na zare wayoyin daga bango. Wadda ke kusa da taga har mayafina na lulluɓa mata. Na koma na zauna ina jiran yabo. Har na tsara a raina yadda Baba zai faɗa wa kowa cewa ba don Asma'u ba da an yi asara.

Ɗakin nan kullum yana da ƙugi kamar injin niƙa daga nesa. Da ya shigo, rigarsa jiƙe, shirun ne ya tsayar da shi a bakin ƙofa.

"Wa yak kashe su?"

"Ni ce, Baba. Hadari na gani."

Ya ja kujera ya zauna. Ya daɗe yana kallon mayafin. Sannan ya ce, "Allah shi saka miki niyyarki. Ɗauki mayahinki, ki kunna."

Iyakar faɗan da ya yi mini ke nan.

Kwanakin gwajin duk suka tashi a banza. Kwamitin ƙasa zai zauna ya duba ko a sake ba mu dama, ko a ajiye Sakkwato sai wani zagaye da ba wanda ya san ranarsa. Mataimakinsa, Malam Sani, a gabana ya ce, "Injiniya, a mai da ta sashen rajista, can ta karanta littattafanta ba ta cuci kowa ba." Ban ga laifinsa ba.

Baba ya rubuta rahoto da hannu, ya ba ni in buga. A ciki ya ce kuskuren nasa ne, don ya yi wa ma'aikatansa bayani bai tabbatar sun fahimta ba. Babu sunana ko sau ɗaya. Na buga, na kai masa ya sa hannu.

Abu guda ya tilasta mini. Ashe a lokacin da na zare wayoyin, na'urorinmu na cikin wani aiki da aka turo mana a gwajin, na wata likita a kudu, wadda ke lissafin yadda sanƙarau ke yaɗuwa don a san inda za a fara rigakafi kafin zafi. Kwana tara aikinta na tafiya, ya rushe. Ya miƙo mini wayarsa ya ce in kira ta da kaina. Na kira, na faɗa mata gaskiya. Ta ce ba komai, za ta sake turawa. Muryarta dai ta nuna da komai.

Har zuwa ranar, a wajena akwatuna ne masu fitilu. Ban taɓa kawowa akwai mutum yana jira a ɗaya ƙarshen ba.

Sai da wata damina ta zagayo aka ba mu dama ta biyu, kuma aka ce ita ce ta ƙarshe. Da Baba ya fitar da jadawalin tsaron na'urorin, sunana ne a duk Juma'o'in.

Malam Sani ya ce, "Wadda ta kashe su ita za ka ba tsaro?"

Baba ya ce, "Ita ɗai cikinmu tas san abin da kashewar ka ci."

Mako na biyu ciwo ya kwantar da shi, bai sake shigowa ofis ba. Juma'a ta uku aka yi ruwa da tsawa har tagogi na girgiza. Na zauna a kan hannuwana har aka ɗauke.

Ranar Talatar da ta wuce saƙo ya zo cewa an shigar da Sakkwato. Na buga shi a takarda, muka kai masa gida ni da maigidana bayan la'asar. Ya rame sosai. Hajiya, uwargidansa, ta jingina shi da matashi, ya ce in karanta. Na karanta. Ya ce in maimaita.

A littattafan da na saba, a irin wurin nan ne mutum ke yin doguwar wasiyya kowa na hawaye. Na gyara zama.

Ya ce, "Madalla. Ki ce ma Sani shi duba batir na ukku, yana shan ruwa."

Ya juya ya tambayi maigidana lafiyar mahaifiyarsa. Hajiya ta kawo zoɓo muka sha. Da za mu tafi ya ce, "Ki gaida mutanen gida, ɗiyata."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Jiya da rana aka tura aiki na farko daga nan. Na wata ɗaliba ce mai bincike kan irin gero mai jure fari, 'yar manoma ce daga ƙauye. Yanzu haka lissafinta na tafiya a kwamfutocin garuruwan da ba ta taɓa takawa ba. Na yi niyyar kai masa labarin ranar Asabar.

Za a yi masa sutura bayan azahar.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Attahiru, ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa na ƙasa da shi. Ka haskaka makwancinsa, ka sa duk ilimin da zai bi ta na'urorin nan ya zame masa sadaka mai gudana. Ka ba Hajiya da 'ya'yansa haƙuri.

Wanda duk ya karanta ya kai nan, don Allah kada ya wuce bai sa shi a addu'a ba, ko da Ƙulhuwallahu ƙafa uku ce.