Layyar Baba a Bakin Titi

A lokacin da wannan abu ya faru ni ma'aikaciyar jinya ce a Abuja, mai ganin kanta wayayyiya, irin wadda ƴan'uwa ke kira idan za a sayi tikitin jirgi ko za a nemo wani abu ta waya. Ni ce ta tsakiya a gidanmu, ina da yaya namiji a Legas da ƙanwa mai aure a Kano. Edita, na daɗe ina son rubuto muku wannan labari, amma duk sanda na zauna sai raina ya ɓaci in ajiye. Yau dai na daure, domin na ga yadda mutane ke rububin kama gidajen nan na ƴan kwanaki, masu kayan ɗaki da kicin, ka dafa abincinka da kanka, waɗanda ake kira shotlet.

Mu ba ƴan cikin Maiduguri ba ne asali. Garinmu yana can arewacin jihar Borno, kuma tun shekarun tashin hankali da aka ƙone gidanmu iyayenmu suka dawo birni, suka kama ɗakuna biyu a wani gidan haya a unguwar Gamboru, tsakar gida ɗaya da iyalai masu yawa. A garinmu Baba mutum ne mai ƙofa. Ranar Babbar Sallah shi ke yanka ragonsa da hannunsa a tsakar gidansa, bayan la'asar dattawan unguwa su cika zaurensa ana gaisawa ana cin nama. A Gamboru kuwa ragonsa sai dai a haɗa da na maƙwabta a kai bakin layi, kuma babu inda zai zaunar da baƙo ko ɗaya. Bai taɓa ƙorafi ba. Sau ɗaya ne kawai muna waya ya ce min yana so, kafin ƙarfinsa ya ƙare, ya ga ƴaƴansa da jikokinsa a gida ɗaya ranar Sallah, ya yanka a gabansu, ya karɓi abokansa a zaune kamar yadda ya saba. Ban bari ya rufe baki ba na ce ya bar min wannan, an gama.

Na samu wani dillalin gidaje ta waya, wata abokiyar aiki ce ta haɗa mu. Ɗan gari ne, har da ya ji sunan garinmu ya juya harshe zuwa Kanuri, yana ta Hajiya kaza Hajiya kaza, sai na ji kamar da ɗan'uwa nake magana. Wallahi na faɗa masa ƙarara cewa don Babbar Sallah nake son gidan, tsofaffina za su zauna, dangi za su taru. Ya ce ai na zo inda ya dace, akwai gida a Jiddari Polo, in muka shiga sai mu ɗauka namu ne. Ya turo hotuna da bidiyo: falo mai faɗi, kujeru masu kyau, tsakar gida shimfiɗe da bulo mai tsafta. Ni kuma na shiga jero tambayoyin da nake ganin su ne na masu hankali. Akwai sola, tunda kowa ya san halin wutar Maiduguri? Akwai rijiyar burtsatse? Esi mai sanyaya ɗaki yana aiki ko'ina, firji fa, gas fa? Duk ya ce akwai, kuma gaskiya ne akwai su. Na biya, na kira Baba na ce ya gayyaci duk wanda yake so. A wayar ma na ji muryarsa ta canza, har yana tsokanata wai ashe ƴar Abuja tana da amfani.

Ana jibi Sallah muka iso. Tun daga bakin get na gane akwai matsala, domin abin da aka kira min gida ashe bene ne mai ɓangarori, namu ɗaya ne a ƙasa, tsakar gidan nan da na gani a bidiyo kuma wurin ajiye motocin kowa ne. Yayana ya kalle ni, na ɗauke kai. Na ce a raina ba komai, ciki ai yana da kyau, kuma da kyau ɗin. Muka ɗauko Baba da mahaifiyarmu, wadda muke kira Ya, jikoki suka cika falo da ihu, Baba ya zauna a tsakiyarsu yana ta murmushi. Ya kuwa ko mayafi ba ta gama cirewa ba ta fiddo kaskonta, domin macen Borno ba ta zama a ɗakin da ba ta turara ba. Garwashi ya kama, ta zuba turaren wuta, sai wani abu a jikin silin ya ɗauki ƙara mai tsaga kunne. Innalillahi! Matar da ta taɓa gudun ceton rai da ƙafarta, ku yi tunanin yadda ta ji. Ta zube ƙasa tana salati tana laluben jikoki. Sai ga manajan gidan, wani matashi da riga a goge, ya shigo ko sallama babu, yana faɗa wai an hana hayaƙi kowane iri a cikin gidan.

Washegari, ranar jajibiri, aka kawo ragon layya a keke mai ƙafa uku. Baba da kansa ya zaɓo shi, fari ƙato, ya fito yana shafa wuyansa yana nuna wa yara. Maigadi ya tsaya a ƙofa ya ce dabba ba ta shiga. Na ɗauka wasa ne, har na yi dariya. Aka kira manaja, ya zo ya ce dokar mai gida ce: ba a shiga da dabba, ba a yanka, ba a hura murhu, domin jini da toka suna ɓata bulon tsakar gida. Ya nuna mana kyamara a saman get ya ce mai gidan yana ƙasar waje amma yana kallon komai a wayarsa, shi ba zai rasa aikinsa saboda ragon wani ba. Haba jama'a! A Maiduguri, a Babbar Sallah, a ba Musulmi hayar gida sannan a ce ba zai yi layya a ciki ba? To me suka ɗauka mun zo yi, kallon talabijin? Na yi magiya, na yi faɗa, na ce za mu shimfiɗa leda mu wanke wurin tas. Yayana ya kusa cin kwalar yaron. Na kira dillali, waya a kashe. Na sake kira har yatsana ya gaji, a kashe. Muka nemi wani gidan, ko'ina a cike saboda Sallah. Daga ƙarshe Baba ya ce a ɗaure ragon a gindin darbejiyar da ke waje, kada mu ƙara roƙon kowa saboda shi.

Yayana ya kawo shawarar a mayar da yankan Gamboru. Baba ya ƙi, ya ce ya riga ya faɗa wa mutane inda yake, kuma jikokinsa suna nan, a nan zai yanka. Da aka sauko daga Idi ya fito cikin farar babbar riga da wuƙarsa da ya wasa tun a gida. Yayana ya haƙa ɗan rami a gefen kwata, aka kwantar da ragon ya fuskanci alƙibla, jikoki suka jeru a bakin titi, masu keke suna wucewa suna hon. Baba ya durƙusa, ya naɗe hannun riga, ya ɗora wuƙa ke nan, sai ga manaja ya leƙo ya ce a matsa gaba, an yi kusa da get, jini zai gangaro ƙofa kuma mai gida ya kira. Wallahi tallahi abin da idona ya gani ke nan. Dattijo mai furfura, da wuƙa a hannu da bisimilla a baki, aka tashe shi. Ya miƙe da ƙyar, aka ja ragon gaba zuwa jikin katangar wani, aka sake haƙa rami, ya sake durƙusawa. Ya yanka. Ni kuwa na koma ciki na rufe kaina a banɗaki ina kuka, ina jin kamar in fasa duk abin da ke cikin gidan.

Suya ma ba ta yiwu ba. Kan gas ɗin kicin ƙarami ne, tukunyar Ya ko zama ba ta yi a kai, sai a keke aka kwashi naman zuwa Gamboru maƙwabta suka soya mana. Ya da ta kwana biyu tana lissafin danderun nama da burabisko, girkin Barebari da za ta yi wa baƙin mijinta, ta zauna a kujera ta zuba tagumi, esi yana ta busa mata sanyi. Duk da haka na ce wa kaina saura abu ɗaya, in dattawan suka zo suka zauna a falon nan, Baba ya karɓe su, to an tsira da wani abu.

Bayan la'asar suka fara isowa, tsofaffin garinmu da ke warwatse a Fezzan da Gamboru da sauran unguwanni, wasu da sanda, kowa cikin kayan Sallarsa. Maigadi ya tare su a waje. Wata dokar ce kuma da ba wanda ya faɗa min: wanda ba ya cikin masu kwana a gidan ba ya wuce get, wai saboda tsaro da hutun sauran masu haya. Na fito a guje ba ko takalmi, na ce wa manaja ya dubi girman Allah ya dubi furfurar mutanen nan, iyayensa ne. Ya ce shi ma ba daɗi yake ji ba, amma in ya bar su sai an kore shi. Ina cikin ɗaga murya na ji Baba a bayana ya ce in yi shiru. Ya sa aka fito da tabarma, aka shimfiɗa a gindin darbejiyar da ragon ya kwana, ga kashin rago a gefe, ya zauna ya gaisa da abokansa ɗaya bayan ɗaya. Wani tsoho da ba ya ji sosai ya tambaya da ƙarfi, ba da mugunta ba, ko ashe gidan ba na ƴaƴansa ba ne. Baba ya ce masa a'a, aro ne. Da za su tafi ya shiga keke ɗaya da su ya koma Gamboru, ya bar mu da falonmu mai sanyi, bai sake taka gidan ba har muka tashi.

Sai bayan Sallah dillalin ya kunna waya. Na wanke shi tas, ban rage komai ba. Ya saurara har na gama, sannan ya ce min cikin sanyin murya wai ai Hajiya ba ta tambaya ba. Kun ji fa! Mutumin da aka haifa a garin nan, wanda shi ma ranar ya yanka nasa ragon a tsakar gidansa, ya san sarai abin da iyali ke taruwa yi a Babbar Sallah, ya ji na ce tsofaffi da dangi, ya yi shiru don kada ciniki ya kuɓuce masa. Wannan ba mantuwa ba ce, ha'inci ne, kuma ban yafe masa ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne a cikin maganarsa akwai gaskiya. Ban tambaya ba, domin ban taɓa zaton yanka da turare da baƙi abubuwa ne da ake neman izininsu a Maiduguri ba.

Don haka ƴan'uwa, duk mai shirin kama irin gidan nan don hutu ko taron iyali, kada hoto ya ruɗe shi. Na tambayi duk abin da gidan yake da shi, ban tambayi abin da za a bar mu mu yi a cikinsa ba, kuma nan ne aka cuce ni. Ku tura mutum naku ya je ya gani da idonsa, gida ne sukutum ko ɓangare, tsakar gidan taku ce ko ta kowa. Ku yi magana da wanda ke riƙe da makullin get, ba dillali kaɗai ba, ya faɗa muku dokokin da bakinsa kafin ku biya. Ku faɗi abin da ya kawo ku dalla-dalla, ko da kuna ganin kowa ya sani: za mu yanka, za mu hura wuta, za mu yi turare, mutane za su zo gaishe mu. In ya fara inda-inda, ku nemi wani wurin. Ku kuma masu gidajen, ku ji tsoron Allah, ku faɗi dokokinku tun farko.

Baba bai taɓa ɗaga min maganar ba, ko da wasa. Da Sallar bana ta matso na samo wani gida, na sa an duba komai, mai shi da kansa ya ce mu yanka ko sa ne. Na kira Baba da murnata na faɗa masa. Ya sa min albarka, sannan ya ce in bar shi kawai, shi ya gane wanda ba shi da gida ba ya gayyatar mutane. Na yi ta roƙonsa har na yi kuka, bai canza magana ba. Ragonsa na bana an haɗa shi da na maƙwabta an kai bakin layi, kuma Ya ta ce min ko fita kallo bai yi ba.